Jinin da ya dawo a fitsarina bayan ciwon tsakuwar ƙoda ya lafa, tsakuwar ce har yanzu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 48. Wata guda da ya wuce wani ciwo ya tashe ni cikin dare a kwiɓin hagu, ya sauko har mara, na kwana ina amai, da safe na ga fitsarina ja. Aka yi mini hoto aka ce tsakuwa ce mai milimita 6 a bututun da ke saukowa daga ƙoda. Aka ba ni magani, bayan kwana 4 ciwon ya ɗauke, fitsari ya washe, amma ban ga fitar tsakuwar ba. To shekaranjiya jinin ya dawo ba tare da wani ciwo ba, yau kuma ya sake washewa. Tsakuwar ce har yanzu? Ina shan taba kusan shekara 20. Sannan an ce in daina shan madara, gaskiya ne?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Jinin da ka gani a karo na farko, wanda ya zo tare da ciwon kwiɓi da amai, tsakuwa ta isa ta jawo shi, ba ni da ja a kansa. Na shekaranjiya kuwa ba zan ɗora wa tsakuwa ba sai an duba an tabbatar. Mai yiwuwa ita ce, domin ba ka ga fitarta ba. Amma jini a fitsari ba ciwo, ga mutum mai shekara 48 da ya daɗe yana shan taba, abu ne da ake bincikensa daban, ko da akwai tsakuwa a jikin. Ka koma asibiti cikin makon nan, kada washewar fitsarin ta sa ka zauna.

Fitsari yana saukowa daga kowace ƙoda zuwa mafitsara ta wani siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30, faɗin cikinsa kuma bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Ka gwada wannan da tsakuwarka mai milimita 6. Muddin tsakuwa tana zaune cikin ƙoda ba ta tare komai ba, mutum zai iya shekaru da ita bai sani ba. Ranar da ta gangaro ta shiga bututun nan ake jin ta. Akwai wurare 3 da bututun ya fi ƙunci: inda ya fito daga ƙoda, inda ya haye manyan jijiyoyin jini a ƙugu, da inda ya huda bangon mafitsara. A ɗaya daga cikinsu ta fi maƙalewa, galibi a na ƙarshen.

Mutane da yawa suna zaton ciwon na kartar da tsakuwa ke yi ne. Kartar tana nan, ita ce ke fid da jini, domin yawancin tsakuwoyin ba sumul suke ba, suna da tsini-tsini kamar ƙaya, fatar cikin bututun kuma taushi gare ta. Amma ainihin ciwon daga toshewa yake. Ƙoda ba ta daina tace fitsari don hanya ta toshe, sai ya taru a bayan tsakuwar, bututun ya faɗaɗa, ƙodar ta kumbura cikin jakarta, naman bututun kuma ya yi ta matsewa yana ƙoƙarin turo abin da ya tare shi. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana lafawa kamar naƙuda, kuma matan da suka ɗanɗana duka biyun sukan ce ba su san wanda ya fi ba. Shi ya sa kuma mai ciwon tsakuwa ba ya iya kwanciya wuri ɗaya: ya durƙusa, ya miƙe, ya yi birgima. Mu likitoci tun daga bakin ƙofa muke lura da wannan, domin wanda hanjinsa ya huje lamo yake yi, ko motsi ba ya so. Idan tsakuwar ta sauko ƙasa, ciwon yakan bi ta zuwa mara da matsematsi, har maraina ga namiji, mutum ya riƙa jin fitsari a kai a kai yana ɗigo kaɗan-kaɗan.

Game da jinin: cikin masu tsakuwa a bututu, kusan 85 zuwa 90 cikin 100 ana samun jini a fitsarinsu idan aka auna, ko da ido bai gani ba. Sauran ba a samu, don haka rashin jini ba ya kore tsakuwa. Kuma jan fitsari ba ya nuna yawan jinin da aka zubar. Mililita 1 na jini, abin da bai kai rubu'in ƙaramin cokali ba, ya isa ya rina lita guda ta fitsari. Da wuya ƙwarai tsakuwa ta sa mutum ya rasa jinin da zai galabaitar da shi. Ba yawan jinin ke damuna ba, inda ya fito ke damuna.

Abu na farko da nake so ka gyara a tunaninka shi ne ɗaukewar ciwo. Ciwo ya tafi ba ya nufin tsakuwa ta fita. Tana iya juyawa ta bar 'yar kafa da fitsari ke zurarewa, ciwo ya lafa. Abin da ya fi wannan muni, tana iya toshe hanyar gaba ɗaya, ƙodar ta rage aikinta a hankali saboda matsin da ke kanta, ciwo ya ɗauke, mutum ya yi hamdala alhali ƙodar tana lalacewa a ɓoye. Ɗaya ƙodar tana ɗauke aikin, fitsari yana fita yadda aka saba, babu abin da zai nuna masa. Ƙodar da ta kwana biyu a toshe tana farfaɗowa sarai idan aka buɗe mata hanya. Wadda ta yi makonni da yawa a toshe ba lallai ta dawo yadda take ba. Na sha ganin wanda ya zo bayan shekara, hoto ya nuna ƙoda ta zama kamar salkar ruwa, naman ya sirance, da aka bi tarihi sai ya tuna wani ciwon kwiɓi da ya yi kwana 3 ya warke da kansa. Don haka doka ita ce: ko ka ga tsakuwar da idonka, ko hoto ya nuna ba ta nan. In ba ɗaya daga cikin biyun, tsugune ba ta ƙare ba.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, mafi yawanci tana fita da kanta. Daga 5 zuwa 10, abin ya zama kusan rabi da rabi, ta fi sauƙin fita idan tana can ƙasa kusa da mafitsara. Wadda ta haura milimita 10 da wuya ta fita ba taimako. Waɗanda za su fita kuma yawancinsu cikin mako 4 zuwa 6 suke fita. Kai yanzu kana wata guda, ka ga ka zo gaɓar da ya kamata a sake hoto ko da jinin nan bai dawo ba.

Yanzu ga jini na biyu. A ka'idar likitocin mafitsara, jinin da ido ya gani a fitsarin babban mutum, ba ciwo, ba zafin fitsari, ana ɗaukar sa alamar sankarar mafitsara ko ta ƙoda har sai bincike ya nuna ba ita ba ce. Ba ina ce maka kana da ita ba. Mafi yawan waɗanda aka bincika ba a samun sankara, amma ana samun ta a wajen mutum 1 cikin 10 ko sama da haka, kuma wannan ba adadin da za a yi wasa da shi ba ne. A Birtaniya ka'idar da aka ba likitoci ita ce duk mai shekara 45 zuwa sama da ya ga jini a fitsari ba tare da sanannen dalili ba, a tura shi wurin ƙwararre cikin gaggawa. Taba kuwa ita ce babbar mai jawo sankarar mafitsara, kusan rabin masu cutar ta dalilinta suka samu. Mutane sun san taba da huhu, ba su san ta da mafitsara ba. Gubar hayaƙin tana shiga jini, ƙoda ta tace ta, ta taru a mafitsara ta zauna sa'o'i tana jiƙa bangonta, kullum, shekara da shekaru. Waɗanda suka daɗe suna aiki da sinadaran rini, fenti, roba ko jima su ma haɗarinsu ya fi na sauran mutane.

Halin wannan cuta shi ne ta zubar da jini yau, ta yi shiru wata 2 ko 3, ta sake. A tsakanin nan ne ake asarar lokaci. Mutum ya sha wani magani, jini ya tsaya, ya ce maganin ya yi aiki, alhali da bai sha komai ba ma zai tsaya. Kuma a nan tsakuwa takan yi mana ɓarna ta wata fuska: da zarar an ga tsakuwa a hoto, mara lafiya da likita duka hankalinsu ya kwanta, an kama mai laifi. Kamar garin da aka san kura na yawo ne, duk akuyar da ta ɓata ita za a ce, ba mai duba ko akwai ɓarawo. Kusan mutum 1 cikin 10 zai yi tsakuwar ƙoda a rayuwarsa, don haka ba abin mamaki ba ne a same ta a jikin wanda ke da wata cutar daban. Sankarar mafitsara idan aka gano ta tana saman bango, kankare ta ake yi ta hanyar fitsari ba tare da an yanka ciki ba, sai a ci gaba da sa ido. Idan ta nutsa cikin naman bangon, magana ta koma ta cire mafitsara ko gashi da sinadarai masu ƙarfi. Tsakanin waɗannan biyun sau da yawa watanni ne na jira.

Ba sankara kaɗai ba ce, akwai dalilai da yawa, kuma yadda jinin ya fito yana ba da haske. Idan a farkon fitsari ne sannan ya washe, daga bututun da ke fid da fitsari daga mafitsara zuwa waje yake. Idan a ƙarshe ne, ɗigon ƙarshe ja, daga wuyan mafitsara ne ko furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza wanda ke girma da shekaru. Idan daga farko har ƙarshe ja ne, daga cikin mafitsara ne ko sama. Gudan jini dogo siriri kamar tana yana nuna a bututun ƙoda ya daskare. Fitsari mai duhu kamar ruwan shayi, mai kumfa, tare da kumburin fuska ko ƙafa da hawan jini, wannan ciwon matatar ƙoda ne, likitansa ma daban, kuma a yara yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da mako 1 zuwa 3 ko ɗan fiye. Idan da zafi da yawan fitsari da wari, ƙwayoyin cuta ne, ya fi yawa ga mata, kuma bayan an sha maganinsu ya kamata a sake awo a ga jinin ya tafi.

Sai tsargiya, wadda ba zan tsallake ba. Duk wanda ya taɓa wanka ko su ko noma cikin ruwan tafki ko fadama a yankunan da cutar take, musamman Afirka da wasu sassan Gabas ta Tsakiya, a duba masa ita. Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta masu tsini su riƙa huda bango suna fita da fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Jininta a ƙarshen fitsari yake zuwa, sau da yawa ba ciwo. Ana neman ƙwan a fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da suka fi fita, maganinta kuma praziquantel, a sha gwargwadon nauyin jiki. Sai dai ita ma idan ta daɗe tana jawo wani nau'in sankarar mafitsara, tana kuma ƙuntata bututun ƙoda. Ga yaro ɗan shekara 10, samun ƙwan tsargiya ya isa amsa. Ga mai shekarunka bai isa ba.

Masu ɗauke da jinin sikila, har waɗanda ke AS, sukan ga jini a fitsari daga cikin ƙoda. Tarin fuka yana kama ƙoda. Gudu mai nisa kan jawo jini na kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma ja da ba jini ba: maganin tarin fuka mai suna rifampicin yana rina fitsari, wasu kayan lambu masu jan launi ma haka, ga mata kuma jinin al'ada kan gauraya. Masu shan magungunan tsinka jini irin su asfirin da warfarin su lura: maganin yana sa wurin da ke da matsala ya yi saurin zubar da jini, amma ba shi ya ƙirƙiro matsalar ba, su ma bincike ɗaya ake yi musu, kuma kada su daina shan maganin da kansu.

Abin da nake sa ran za a yi maka ba shi da yawa. Awon fitsari a madubin ɗakin gwaji, a ƙirga jajayen ƙwayoyin jini. 3 zuwa sama a kowane fili na madubin ana lissafa shi jini. Ɗan tsinken takardar nan da ake tsomawa yana taimakawa amma yakan yi ƙarya, bai isa shi kaɗai ba. A shuka fitsarin a ga ko akwai ƙwayoyin cuta, a nemi ƙwan tsargiya. Awon jini don ganin aikin ƙoda, da yawan kalsiyam, da yurik asid. Sai hoto. Na'urar duban ciki irin ta masu juna biyu tana nuna kumburin ƙoda da tsakuwar da ke cikinta, amma sau da yawa ba ta ganin wadda ke tsakiyar bututu. Hoton CT, wato eksire mai nuna cikin jiki yanki-yanki, ba tare da allurar rini ba, shi ne ya fi kowanne ganin tsakuwa, kusan babu wadda ke kuɓuce masa. Don binciken jini kuwa akan ƙara allurar rinin, idan ƙoda na aiki da kyau, a ga naman ƙodar da cikin bututun. Masu juna biyu da yara da duban ciki ake fara musu saboda a kauce wa illar hasken eksire. Na ƙarshe, wanda na fi so ka nace a kai, shi ne leƙa mafitsara da siririyar kyamara ta hanyar fitsari. Maza suna tsoronsa ƙwarai, na sani. Ana zuba maganin kashe zafi, aikin bai fi 'yan mintoci ba, mutum ya tashi ya tafi gida da ɗan raɗaɗin fitsari na kwana ɗaya ko biyu. Babu hoton da ke maye gurbinsa, domin ƙaramin tsiro a bangon mafitsara yana iya ɓuya wa CT. Gani ya kori ji.

Kafin ka je, akwai alamun da ba sa jiran gobe. Zazzaɓi ko rawar sanyi ga wanda ke da tsakuwa a bututu shi ne mafi haɗari a duk wannan bayani. Yana nufin ƙwayoyin cuta sun taru a bayan toshewa, ƙoda ta zama kamar maruru da ba shi da baki, kuma cikin sa'o'i kaɗan za su iya shiga jini, awon jini ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya fita hayyacinsa. Ƙwayar magani a gida ba ta isa, domin ba ta kaiwa cikin ƙodar da ta toshe yadda ya kamata. Dole a buɗe hanya a ranar, ko da siririyar roba da ake zurawa daga mafitsara zuwa ƙoda, ko da bututun da ake sakawa ta baya kai tsaye cikin ƙodar, tsakuwar kuma a bar ta sai an warke. Haka nan idan fitsari ya tsaya cak, ko gudajen jini suka toshe shi, ko amai ya hana shan ruwa, ko ciwo ya ƙi jin magani, ko mutum ƙoda ɗaya gare shi, ko mace mai ciki. Duk waɗannan asibiti ne nan take, ko tsakar dare ne.

Idan hoto ya nuna tsakuwar tana nan kuma ba toshewa mai tsanani, likita zai iya ba ka ɗan ƙarin lokaci. Maganin ciwon da ya fi aiki shi ne dangin diclofenac da ibuprofen, domin suna rage matsin da ke cikin ƙodar, ba ɗauke zafi kawai ba. Amma ba na kowa ba ne: mai gyambon ciki, mai raunin ƙoda, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, wanda amai ya ƙarar masa da ruwan jiki, duk su kauce, kuma ko mai lafiya kada ya mai da su abin sha na makonni. Akwai tamsulosin, wanda ke sassauta ƙasan bututun, amfaninsa ya fi bayyana a tsakuwa mai milimita 5 zuwa 10 da ta sauko ƙasa, girman taka kuwa yana cikin wannan. Yakan sa jiri idan an miƙe da sauri. Ka sha ruwa daidai, amma ɗura wa kai lita-lita a lokacin da ciwo ke tashi don a tunkuɗo tsakuwa ba ya fid da ita, ƙara matsi yake yi. Ka riƙa fitsari ta cikin matata ko farin ƙyalle mai tsabta. Abin da za ka gani ɗan ƙaramin dutse ne, baƙi ko ruwan ƙasa. Kada ka yar, ka kai a auna, domin sanin irinta shi ne rabin rigakafin ta gaba.

Idan ta ƙi fita, hanyoyin 3 ne, kuma yanka ciki yanzu da wuya a kai gare shi. Ana farfasa ta daga waje da bugun igiyar sauti mai ƙarfi, hanyar da aka fara amfani da ita ga ɗan Adam a birnin Munik na Jamus a 1980. Ana shiga da siririyar kyamara ta hanyar fitsari har cikin bututun a niƙe ta da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza, wanda shi ne ya fi dacewa da wadda ke ƙasan bututu. Sau da yawa akan bar roba a ciki bayan aikin, kuma robar kanta tana sa jini da yawan jin fitsari. Ka riƙe ranar da aka ce a cire ta, domin robar da aka manta watanni tana tara tsakuwa a jikinta ta zama matsalar da ta fi ta farko. Manya da suka haura santimita 2 a cikin ƙoda kuwa ta ƙaramar huda a baya ake fid da su.

Sai maganar madara. Wanda ya faɗa maka ya faɗi abin da likitoci da kansu suka daɗe suna faɗa, amma an gano kuskure ne. Hankali yana cewa tunda kusan 80 cikin 100 na tsakuwoyin kalsiyam ne, a rage kalsiyam. Abin da ke faruwa a hanji daban ne. Abokin haɗin kalsiyam a yawancin tsakuwoyin wani sinadari ne da ake kira okzalet. Idan akwai kalsiyam a abinci, yana kama okzalet tun a hanji su fita tare a bayan gida. Idan babu, okzalet ya shiga jini, ya isa ƙoda, a can ya haɗu da kalsiyam ɗin da jiki ya zaro daga ƙashi. Ka ga an yi asara biyu, ga tsakuwa ga raunin ƙashi. A birnin Farma na Italiya an bi maza 120 masu yawan yin tsakuwa tsawon shekara 5, aka buga sakamakon a 2002. Rabinsu aka rage musu kalsiyam, rabin aka bar musu shi daidai amma aka rage gishiri da nama. Cikin 60 na farko, 23 suka sake yin tsakuwa. Cikin 60 na biyu, 12 kawai. Don haka ka ci gaba da shan madararka daidai misali, abin da ake so a rana miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyam daga abinci. Ƙwayoyin ƙarin kalsiyam da ake sha ba tare da abinci ba, da bitamin C mai yawa, gram 1 zuwa sama kullum, su ne za ka bari sai da izinin likita.

Gishiri ne abokin gabar da ba a cika ambata ba. Duk gishirin da ƙoda ta fitar yana jan kalsiyam ya biyo shi cikin fitsari. Kada ya wuce gram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye cikin kayan gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Yawan nama yana ƙara wa fitsari tsami da yurik asid. Abubuwa masu okzalet da yawa, irin su alayyahu, a rage, ba sai an daina ba. Lemun tsami cikin ruwan sha yana da ɗan amfani saboda sitret ɗin da ke cikinsa yana hana tsakuwa ƙulluwa, amma ba ya narkar da wadda ta riga ta ƙullu. Tsakuwa iri ɗaya ce tak magani ke narkarwa da gaske, ta yurik asid, wadda ta fi kama masu ƙiba da masu ciwon sukari, kuma ba ta fitowa a hoton eksire na yau da kullum. Ana rage tsamin fitsari da magani ta narke cikin makonni. Duk wani haɗi da aka ce yana narkar da kowace irin tsakuwa, ka tuna ƙananan da kansu suke fita, sai haɗin ya karɓi yabo. Wasu ma ƙodar suke illatawa.

Ruwa kuwa shi ne kan gaba. Ba yawan abin da ka sha ake aunawa ba, yawan fitsarin da ka yi: lita 2 zuwa 2 da rabi a yini da dare, wanda ga yawancin mutane yana nufin shan kusan lita 3, fiye da haka ga mai aikin zufa. Masu binciken nan na Farma sun nuna a 1996 cewa ƙara ruwa kaɗai ya sauko da dawowar tsakuwa cikin shekara 5 daga 27 zuwa 12 cikin 100. Ma'auninka launin fitsari: ya zama fari-fari, ba ruwan ɗorawa mai duhu ba. Ka sha kafin kwanciya ma, domin da dare fitsari ya fi kauri. Wannan ba shawarar wata ɗaya ba ce, kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sau ɗaya suna sake yi cikin shekara 10 idan ba su canza komai ba. Wanda ya sake yi, ko yana da su a ƙoda biyu, ko ya fara tun yana yaro, ana tara fitsarinsa na sa'a 24 a auna, a kuma duba kalsiyam na jini, domin wani lokacin wani ɗan ƙullutu ne a wuya ke zaro kalsiyam daga ƙashi, cire shi ya kawo ƙarshen matsalar.

Tabar kuma, Malam, ka san abin da zan ce. Ko bincike ya fito lafiya ƙalau, haɗarin mafitsara yana fara raguwa daga lokacin da aka daina, kuma akwai magunguna da ke taimaka wa mai son bari, ka tambaya.

Ranar da za ka je, ka tafi da hoton farko da takardar sakamakonsa da kwalayen magungunan da ka sha. Ka faɗa wa likita abubuwa 3 da bakinka ko bai tambaya ba: ba ka ga fitar tsakuwar ba, jinin na biyu ya zo ba ciwo, kuma ka yi shekara 20 kana shan taba. Ka nemi a tura ka wurin likitan mafitsara. Idan jinin ya sake zuwa kafin ranar, ka lura a farko ne ko a ƙarshe ko duka, ka ɗauki hotonsa da waya. Bayan an tabbatar tsakuwar ta fita ko an cire ta, a sake awon fitsari bayan kamar mako 6. Idan har lokacin madubi yana nuna jini, a ci gaba da bincike ko da ido ba ya ganin komai. Allah ya ba da lafiya.